Gonar shayi da lambun furanni a cikin Kano: me zai yi, me ba zai yi ba?

Ana iya noma ganyen shayi irin na kanti a Kano?

A gona dai, a'a. Itacen shayi na son ruwan sama kamar milimita 1,200 zuwa sama a shekara, ya kuma rarrabu cikin watanni, da iska mai laima, da zafin da bai cika haura digiri 30 ba. Kano kuwa daminarta wata huɗu ce zuwa biyar, ruwanta bai cika kai milimita 1,000 ba, sannan a Afrilu zafi na kaiwa digiri 40. Shi ya sa shayin Najeriya ya tare a tsaunin Mambila da ke Ƙaramar Hukumar Sardauna a Jihar Taraba, inda tudu ya haura mita 1,500 kuma sanyi ba ya yankewa. A can ake da gonakin shayi na Kakara.

Ga kuma maganar ƙasa. Shayi na son ƙasa mai tsami, wadda ma'aunin pH ɗinta ke tsakanin 4.5 da 5.5. Duk abin da ya karkata ga kanwa, kamar toka ko farar ƙasa ko ruwan rijiya mai gishiri-gishiri, yana hana saiwarsa jan sinadarin ƙarfe. Sai ka ga sabon ganye ya yi ɗorawa jijiyoyinsa na nan kore, daga nan gefensa ya ƙone.

To idan mutum ya nace sai ya gwada fa?

Ya yi a tukunya, don sha'awa, kada ya sa ran kasuwa. Babbar tukunya mai huji a gindi, a ajiye ta inda rana ke taɓa ta da safe kawai, a riƙa ba ta ruwan sama da aka tara a duro, kada toka ta kusance ta. Sai kamar shekara uku kafin a fara tsinka, kuma abin da ake tsinka shi ne toho da ganye biyu na ƙarƙashinsa. Kilo huɗu da rabi na ɗanyen ganye ne ke ba da kilo ɗaya na busasshe. Ka lissafa da kanka abin da tukunya ɗaya za ta ba ka.

Me za a shuka a madadinsa?

Abin da mai shayin unguwa ke jefawa a buta: ciyawar lemun-giras, na'a-na'a, ɗoɗɗoya, citta, sai zoɓo da zogale. Fili mai taku 10 a tsaye da 10 a kwance ya ishi gida har a yi kyauta. A raba shi fangali-fangali, faɗin kowanne mita ɗaya, yadda hannu zai kai tsakiya ba sai an taka ba. Kowane murabba'in mita a zuba masa bokiti ɗaya na takin dabbobi da ya ruɓe sarai, a cuɗa da ƙasa zurfin kamu ɗaya. Ɗanyen kashin kaji na ƙona saiwa, ɗanyen kashin shanu kuma gayyatar gara ce. Takin bola a guje shi: leda da batir da fasassun kwalabe ne a ciki, kai kuma ganyen nan sha za ka yi.

Wane aiki ake yi a wane lokaci?

Bazara, wato Maris zuwa Mayu, lokacin gyaran ƙasa ne da katanga, ba na dashe ba. Akuya ɗaya ta ishi lambun nan a yini guda. Citta ce kawai ake sawa a ƙarshen bazara, tunda tana cin wata takwas zuwa tara: gutsure mai ido biyu ko uku, a buhu mai huji, a inuwar bishiya, ana ba ta ruwa har damina ta kankama. Kada a yi tsammanin irin amfanin Kaciya ko Kafancan, amma za a samu na shayi.

Da ruwa ya zauna, ƙarshen Yuni zuwa Yuli, sai a shiga dashe. Lemun-giras ana farke gindinsa ne, a datse ganyen, a dasa 'ya'ya biyu ko uku a rami, tazarar santimita 60 zuwa mita ɗaya. Bayan wata uku zuwa huɗu a yi yankan fari, a bar masa kamar santimita 15 daga ƙasa. Zoɓo kuwa iri uku a rami, zurfin gaɓar yatsa, tazarar santimita 60, in sun fito a bar biyu masu ƙarfi. Kada a makara da shi, domin ba ya fure sai yini ya fara gajarcewa wajen Satumba da Oktoba. Wanda aka shuka a ƙarshen Agusta zai yi fure yana ɗan guntu, kwanson kaɗan.

Agusta watan ruɓewar saiwa ne. Duk fangalin da ruwa ya kwana a cikinsa a buɗe masa hanya, tukwane kuma a ɗora su kan bulo.

Da kaka a cire zoɓo kamar mako uku bayan furen ya faɗi, kwanson na ƙaras-ƙaras a hannu. Hunturu kuma shi ne lokacin na'a-na'a: reshe mai tsawon yatsa a kofin ruwa yana fitar da saiwa cikin kwana 7 zuwa 10. A ba ta tukunyarta ita kaɗai, don in ta shiga fangali sai ta mamaye maƙwabtanta.

Ruwa nawa ake bayarwa da rani?

A bazara, bokiti mai lita 10 ga kowane murabba'in mita kullum, da sassafe ko bayan la'asar. Da hunturu rabin haka ya isa. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ɓuntun shinkafa kaurin yatsu uku, amma kada ya manne da gindin shuka saboda gara. Ruwan kwata ba na wannan lambun ba ne.

Waɗanne furanni ne ke jure Kano?

Boganbiliya a jikin katanga ita ce sarauniyar rani. Masu lambu da yawa na kuka cewa tasu ganye kawai take yi, alhali su suka shagwaɓa ta da ruwa da taki. A rage mata ruwa, a bar ta a rana, za ta yi fure. Kariya ma haka take, tana son ƙasa mai yashi, yawan ruwa kuma na ruɓar da kumburarren gindinta. Sai dai ƙaronta guba ne, a nesanta ta da fangalin kayan sha da inda yara ke wasa. Lalle na yin shinge mai kyau in ana aske shi, furensa kuma na ƙamshi da yamma.

Ganye ya yi ɗige-ɗige, ƙarƙashinsa kamar yanar gizo. Mene ne?

Ƙananan jajayen ƙwari ne da ke yawaita in iska ta bushe ƙura ta yi yawa. A wanke bayan ganyen da ruwa mai ƙarfi duk bayan kwana biyu. In sun ƙi, a daka 'ya'yan darbejiya giram 50, a jiƙa a lita ɗaya ta ruwa su kwana, a tace, a fesa da yamma. A jira mako guda kafin a tsinka, a kuma wanke, in ba haka ba ɗacin zai biyo shayin.

Yaya ake busarwa ƙamshi bai gudu ba?

A inuwa, kan tabarma ko faifai, shimfiɗa ɗaya ba tari ba, a rufa da yankin gidan sauro saboda ƙurar hunturu. Rana na cinye launi da ƙamshin na'a-na'a. Kwana uku zuwa biyar ganye zai riƙa karyewa in an murza. Lokacin ne za a zuba shi a kwalba mai murfi, a ajiye nesa da murhu.