Waiwaye: Yadda aikin ɗalibai masu ƙaramin ƙarfi a Amurka ya fita daga harabar jami'a zuwa unguwanni

A Amurka, ɗalibin da iyayensa ba su da hali yana iya samun aikin 'yan sa'o'i a mako, gwamnatin tarayya ta biya mafi yawan ladan, galibi kashi 75 cikin 100, makaranta ko ƙungiyar da yake yi wa aikin ta cika ragowar. Sunan shirin Federal Work-Study. Wasu suna zaman ɗakin karatu ko ofishin jami'a, wasu kuma suna fita gari, su koya wa yaran firamare karatu, su raba abinci ga mabuƙata, su taimaka a asibitin unguwa. Wannan ɓangare na biyu shi ne ya daɗe yana neman gindin zama.

Tushen abin ya girmi dokar da ta kafa shi. A 1935, lokacin da tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe, Shugaba Roosevelt ya kafa hukumar matasa ta ƙasa, wadda take ba ɗalibai ƙananan ayyuka don kada talauci ya raba su da aji. Wanda aka ba riƙon hukumar a jihar Texas wani matashi ne mai suna Lyndon Johnson. Shi kansa ya san zafin abin, domin sai da ya yi shara a kwalejin horar da malamai ta San Marcos, ya kuma dakatar da karatu ya je garin Cotulla ya koyar da 'ya'yan talakawa 'yan asalin Meziko don ya tara kuɗin makaranta. Da ya zama shugaban ƙasa ya ƙaddamar da yaƙi da talauci, sai aikin ɗalibai ya shiga dokar da ya sanya wa hannu ranar 20 ga Agusta, 1964. Daga baya aka mayar da shi ƙarƙashin dokar ilimi mai zurfi ta 1965, wadda ya je tsohuwar kwalejinsa ya rattaba wa hannu.

Tun farko doka ta yarda ɗalibi ya yi aiki da ƙungiyoyin da ba na neman riba ba. Amma jami'o'i sun fi jin daɗin riƙe hannayen a gida, tunda ma'aikaci ne mai araha da gwamnati ke biya musu. A 1972 majalisa ta ƙara hidimar al'umma cikin shirin, abin bai ja nisa ba. Sai a gyaran 1992 aka tilasta wa kowace makaranta ta kashe aƙalla kashi 5 cikin 100 na kasonta a kan ayyukan al'umma, aka fara aiki da hakan a 1994, aka ɗaga zuwa kashi 7 daga shekarar 2000.

Abin da ya fi motsa makarantu shi ne tayin Shugaba Clinton na 1997. A ƙarƙashin shirin America Reads, gwamnati ta ɗauki nauyin ladan gaba ɗaya ga duk ɗalibin da zai koya wa yara karatu, daga baya aka haɗa da lissafi. Ƙaramar ƙungiyar unguwa da ba ta iya biyan ko kwata na albashi sai ta sami malami kyauta. Akwai iyaka: ba a aikin siyasar jam'iyya da wannan kuɗi, ba a gina ko kula da wurin ibada, ba a kuma korar ma'aikaci don a sa ɗalibi a gurbinsa.

A ganina kashi 7 ya yi kaɗan ga shirin da aka haifa don yaƙi da talauci. Abin da ya fi ci min rai kuma shi ne rabon kuɗin. Ana ware sama da dala biliyan 1 a shekara, amma babban kaso yana bin abin da makaranta ta saba karɓa tun shekarun baya. Saboda haka tsofaffin jami'o'i masu zaman kansu, masu tsada, suna kwasar rabo mai tsoka, kwalejojin shekara biyu da 'ya'yan talakawa suka fi cika suna samun ɗan abin da ya rage, alhali su ne ke zaune a tsakiyar unguwannin da ke buƙatar hidimar. A 2017 gwamnatin Trump ta nemi a zaftare kusan rabin kuɗin, majalisa ta ƙi.

Mutanenmu da ke can su lura: sai ɗan ƙasa ko mai takardar zama ta dindindin da makamantansu ke shiga, bayan cike takardar neman tallafi ta FAFSA. Wanda ya je da bizar karatu daga Kano ko Zinder ba ya cikin shirin. Ko wanda aka rubuta wa tallafin ma, ba a miƙa masa kuɗin a dunƙule. Sai ya nemi gurbin aiki, an ɗauke shi, sannan a biya shi gwargwadon sa'o'in da ya yi.