Hawan keke a hanyoyin burji da na daji a kewayen Bauchi: tambayoyi da amsoshi

Da zarar ruwa ya ɗauke sai tambayoyin nan su dawo, su ɗin dai, kowace shekara. Ga amsoshinsu wuri ɗaya. Duk wanda ya sake tambaya a turo shi nan.

Wane iri ne keken burji?

Mai siffar keken tsere ne, da lanƙwasasshen kai, sai dai tayarsa ta fi faɗi, milimita 38 zuwa 45. Yana bin kwalta, yana sauka burji, ba sai an canja komai ba.

Dole sai na sayi irinsa?

A'a. Keken hawan dutse na gwanjo mai taya inci 26 ya isa. A duba birki da kaca, a hau.

Daga ina zan fara?

Wajen dam ɗin Gubi, arewa da gari. Babu nisa, akwai ƙauyuka da mutane a hanya, idan abu ya lalace za ka samu mai babur ya dawo da kai. In ƙafa ta yi ƙwari sai ka nufi ɓangaren Dass ta Yelwa, ka riƙa sauka daga kwalta kana bin hanyoyin gonaki a gindin duwatsu. Can akwai hawa da gangara, saboda haka giyarka ta zama mai sauƙi: haƙora 40 a gaba, mafi girman na baya 42, ko wani abu kusa da haka. Kada fitar farko ta wuce kilomita 25 zuwa da dawowa. Awa ɗaya a burji mai gargada ba ɗaya take da awa ɗaya a titin Jos ba, wuyan hannu da ƙugu za su gaya maka.

Zan iya shiga Yankari da keke?

Haba malam. Akwai giwa, akwai ɓauna. Masu yawon buɗe ido ma a mota ake zagawa da su, da ɗan jagora. Ka je ka yi wanka a Wikki, ka bar keke a gida.

Me ya sa kullum nake faci? Iska nawa ya kamata in sa, kuma in koma taya marar tif?

Wannan ce tambayar da ba ta da amsa ɗaya, don abu biyu ne ke fasa taya a nan, kuma maganin ɗaya yana iya jawo ɗayan.

Na farko ƙaya. Tsidau ce babbar mai laifi, tana shimfiɗe a bakin hanya da wuraren da dabbobi ke kwanciya, sai kuma bagaruwa da aduwa da reshen magarya da manoma ke shinge da shi. Hudar ƙaya ɗaya ce, ƙarama, iska tana zurarewa a hankali. Na biyu kuwa shi ne idan iska ta yi kaɗan ka daki dutse ko bakin kwalbati, ƙarfen ƙafar ya matse tif ya yanke shi. Za ka ga huda biyu gefe da gefe kamar saran maciji. Kafin ka zargi kowa, duba wace iri ce ta same ka.

Mutum mai kilo 70 a kan taya milimita 40 marar tif, wadda ake kira tubles, zai iya farawa da iska psi 35 a gaba, 38 a baya (psi shi ne awon iskar da ma'aunin famfo ke nunawa). Mai tif ya ƙara kamar 5 a kan haka. Na ce farawa. Idan hanyar duwatsu ce irin ta Dass, a ƙara kaɗan. Idan yashi ne, kamar gangaren rafi da rani, a rage, don taya mai tauri nutsewa take yi ta riƙa wulwula kai. To amma hanya ɗaya tana iya haɗa maka duka biyun cikin rabin awa, shi ya sa ƙaramin famfo mai ma'auni ya fi kowace lamba da zan rubuta amfani. Mai nauyi ko mai ɗauke da kaya a baya, lissafinsa daban ne.

Tubles tana maganin ƙaya sosai, ruwan da ake zubawa ciki, kamar mililita 60 a kowace taya, yana toshe hudar kana tafe. Sai dai da sharaɗi. Zafin nan yana busar da ruwan, wata biyu zuwa uku ka duba, da bazara ma kada ka jira haka. Ba kowane ƙarfen ƙafa ne ke karɓarta ba. Ruwan kuma ba a ko'ina ake samunsa ba. Idan dutse ya tsaga gefen taya, ruwan ba zai yi komai ba, dole ka koma tif, kuma kafin ka sa shi sai ka cire duk ƙayoyin da suka daɗe a maƙale ba ka sani ba, in ba haka ba sabon tif ɗin ba zai kai ka ko'ina ba. Ka bi cikin tayar da tsumma, inda ya sarƙe nan ƙayar take.

Wanda bai da halin wannan ya tsaya a kan tif, ya sayi taya mai kauri. Wasu kan yanka tsohuwar taya su shimfiɗa a ciki. Yana aiki, amma keken zai yi nauyi, kuma bakin yankan yakan goge tif idan ba a gyara shi sumul ba. Ko wanne ka zaɓa, in ka huta a gindin bishiya ka juya ƙafafun ka kakkaɓe tsidau kafin ka hau. Yawancinta ba ta gama shiga ba sai nauyinka ya danna ta.

Ai akwai masu faci a ƙauyuka, me zan ɗauki kaya?

Akwai su, Allah Ya saka musu. Amma siririn bawul na keken burji ba ya shiga bakin famfonsu sai da ɗan abin haɗawa, kuma injin mai facin mota zai iya cika maka taya fiye da kima cikin ƙiftawar ido. Tayar tsohon keke inci 28 da za ka samu a kasuwa ba ta hawa ƙafar keken burji, wadda ake kira 700c, ta yi mata girma. Ka ɗauki tif biyu, faci da sholisho, famfo, abin ɓamɓare taya, da mahaɗin kaca.

Baƙin mai zai yi wa kaca?

Kada ka soma. Yana kama turɓaya ya cinye kaca da haƙoran giya. Mai marar danƙo, kaɗan, a goge saura da tsumma. In ya taɓa faifan birki kuma, birki ya tafi.

Wane lokaci ya fi?

Daga ƙarshen Oktoba zuwa Janairu, ƙasa ta bushe, yashi bai gama sakewa ba. Da hunturu ƙura takan rufe ido, sa tabarau da takunkumi. Maris da Afrilu zafi yana kaiwa digiri 40, ka fita bayan sallar Asuba ka dawo kafin ƙarfe goma, ko ka haƙura. A watan Agusta laka za ta cushe tsakanin taya da ƙarfe har ƙafa ta daina juyawa, abin ya fi muni a baƙar ƙasar kwarin Gongola. Rafin da ka tsallaka a bushe da safe yana iya cika da rana saboda ruwan da aka yi a wani wuri can sama. Ruwa mai gudu ya kai gwiwa, juya.

Ruwa nawa zan ɗauka?

Aƙalla rabin lita a kowace awa, da zafi kusan lita guda. Gora ɗaya a sa mata gishiri da sukari: rabin ƙaramin cokali na gishiri, shida na sukari, a lita ɗaya. Wanda ya fita da ledar ruwa biyu a aljihu bai shirya ba.

Shanu da karnuka fa?

Kwantar da hankalinka. Rage gudu tun daga nesa, yi wa makiyayi sallama, bari garken ya wuce, kada ka ratsa tsakiya. Kare ya biyo ka, sauka ka sa keken tsakaninku. Burtali hanyar kowa ce, gonar mutum kuwa ba hanya ba ce ko da an girbe.

Zan iya tafiya ni kaɗai?

Kusa da gari, e, da hular kwano da waya mai caji, wani a gida ya san hanyar da ka bi. Daji mai nisa irin na Lame-Burra ko cikin Alkaleri, a'a. Ku zama uku, ku tambayi mai unguwar ƙauyen ƙarshe halin da ake ciki a ranar. In ya ce ku koma, ku koma.