Kalmar “shrill” da muryar mace a fagen siyasa

Duk lokacin da mace ta fito takara a Amurka ko Ingila, sai kalmar “shrill” ta dawo bakin masu sharhi, ta biyo intanet ta iso wurinmu. Masu fassara labaran waje kuma sai ka ji sun ce wance “ta ɗaga murya” ko “ta yi tsawa”. Wannan fassarar ce ke ci mini tuwo a ƙwarya.

Ƙarfin sauti daban, tsininsa daban. Tambari na da ƙarfi, ana jiyo shi daga bayan gari, amma babu Baturen da zai kira shi “shrill”. Abin da kalmar ke nufi shi ne irin ƙarar usur ɗin alƙalin wasa, ko ta birkin da ya cinye, ko ƙugin da lasifika ke yi a wurin taro idan makirufo ya matso kusa da ita, jama'a su toshe kunne suna yamutsa fuska. Siririn sauti ne mai soke kunne. Kunnen ɗan Adam ya fi saurin kama sautin da ke girgiza sau 2,000 zuwa 5,000 a daƙiƙa guda, shi ya sa irin wannan ƙara ke shiga har ƙwaƙwalwa. Gindin muryar namiji a hira yana girgiza tsakanin sau 85 da 180 ne a daƙiƙa guda, na mace 165 zuwa 255. Tazarar da ke tsakaninsu ba ta taka kara ta karya ba.

Kalmar tana cikin Turanci tun ƙarni na 14, Jamusanci ma na da 'yar'uwarta. Aikin da aka ba ta a siyasa ne abin dubawa. Margaret Thatcher, wadda ta karɓi shugabancin jam'iyyarta a 1975 ta zama Firaministar Birtaniya a 1979, sai da ta zauna aka koya mata yadda za ta saukar da muryarta, da shawarar mai kula mata da harkar yaɗa labarai, Gordon Reece. Saurari jawabanta na farko da na bayan ta hau mulki, za ka ce mutum biyu ne. A 2015 Donald Trump ya jefi Hillary Clinton da wannan kalma, ta kuma bi ta har zaɓen 2016. Bernie Sanders kuwa, namijin da ya kara da ita a zaɓen fitar da gwani, da ke kwarara ihu yana wurga hannu a kowane gangami har muryarsa ta dushe, ba kasafai aka liƙa masa kalmar ba. Ni dai ban yarda kunne ne ke yanke wannan hukuncin ba. Hanya ce ta kau da kai daga abin da mace ta faɗa, a koma kan maƙogwaronta.

Mu ma fa muna da sauti mai tsini, kuma ba ma ƙinsa. Guɗa ranar kai amarya da algaita a gaban sarki duk “shrill” ne a kunnen Bature, mu kuwa har kuɗi muke liƙa wa masu yin su.

Don haka idan usur ake nufi, a ce ƙara mai tsini. Idan 'yar takara aka kira haka, a gaya wa mai sauraro gaskiya: an ce mata masifaffiya ne, mai tsiwa.