Saita Ƙwallo a Wasan Tanis

Saita ƙwallo a wasan tanis shi ne iya aika ƙwallo daidai inda ɗan wasa ya nufa a ɓangaren abokin karawarsa. Ya ƙunshi abu biyu: sanin wurin da ya kamata ta sauka, da kuma iya kai ta can. A wasan masu koyo, yawancin maki kuskure ne ke kawo su, wato wani ya buga ƙwallo cikin raga ko ya fitar da ita waje. Shi ya sa masu horarwa kan fara da saiti kafin su zo kan ƙarfi.

Awon fili shi ne malami na farko. Tsawonsa mita 23.77 ne, faɗinsa kuma mita 8.23 a wasan mutum ɗaya da ɗaya. Tsayin raga a tsakiya mita 0.914 ne, a wajen sandunan gefe kuwa mita 1.07. Daga nan ake gane dalilin da ya sa bugun kusurwa zuwa kusurwa ya fi aminci: ƙwallon na bi ta inda ragar ta fi gajarta, kuma nisan da ke gabanta ya kai kusan mita 25, wato ƙarin fiye da mita guda a kan bugun da ya miƙe ta gefen layi. Wannan ɗan bambanci yana da yawa ga wanda hannunsa bai faɗa ba tukuna. Wani mai horarwa ɗan Amurka, Paul Wardlaw, ya gina ƙa'idojinsa a kan haka: ƙwallon da ta zo a karkace ta ratsa gaban ɗan wasa, gara ya mayar da ita ta inda ta fito, domin sauya mata hanya shi ke yawan jawo kuskure.

Ƙwallo ba ta wuce kusan kashi 5 cikin 1,000 na daƙiƙa a kan zaren raket, wato abin da ake buga ta da shi. A wannan ƙiftawar, inda fuskar raket ta kalla nan ƙwallon za ta tafi, kuma babu damar gyara bayan ta taɓa. Don haka aikin yana farawa ne tun daga ƙafa. Ɗan wasa kan yi ɗan tsalle a daidai lokacin da abokin karawa ke bugu, ya juya kafaɗa da wuri, ya tari ƙwallon a gabansa kaɗan, wajen tsayin ƙugu. Idan ya makara, sai ta zarce gefe. Idan ya yi gaggawa, sai ta karkace fiye da yadda ya so. Mai koyo kan ɗora laifin a kan hannunsa, alhali sau da yawa tsayuwarsa ce ba daidai ba.

Zurfi ma saiti ne, kuma an fi mantawa da shi. Ƙwallon da ta sauka bayan layin sabis, wanda ke mita 6.40 daga raga, tana tsare abokin karawa a baya. Hanyar samun zurfi ita ce a ɗaga ƙwallon kamar mita guda bisa raga, a kuma murɗa ta gaba ta hanyar goga bayanta da raket daga ƙasa zuwa sama. Murɗawar tana sa iska ta danno ƙwallon ƙasa kafin ta wuce layin ƙarshe. Rafael Nadal na Sifaniya, wanda ya ci gasar Roland Garros ta Faransa sau 14, ya shahara da irin wannan bugu.

Wajen atisaye, ana shimfiɗa tawul ko a jera gwangwanayen ƙwallo kamar mita guda daga layin iyakar fili ta ciki, a riƙa ƙirga bugu nawa cikin 10 suka dace. Ba a auna layin kansa, domin ko ƙwararru kan bar wa kansu sarari. Wanda ba shi da abokin wasa zai iya zana layi a bango daidai tsayin raga ya riƙa bugu bisa shi.

Hukumar tanis ta duniya, ITF, ta ƙaddamar da shirin Play and Stay a 2007, inda ta yaɗa ƙwallaye masu sanyin gudu: ja, ruwan lemo da kore. Ja ta fi ƙwallon da aka saba rashin sauri da kusan kashi 75 cikin 100, kore kuma da kashi 25. Tun 2012 su ake amfani da su a gasar yara 'yan shekara 10 zuwa ƙasa, kuma manya masu koyo ma kan fara da koriyar, domin tana ba su lokacin gyara tsayuwa kafin ta iso.