Tafiyar babur da kwanan tanti a ƙasar kwazazzabai ta Amurka

Ƙasar kwazazzabai suna ne da ake yi wa tudun Kolorado, wani faffaɗan tsauni na jan dutse da ya ratsa jihohin Yuta, Arizona, Kolorado da Niyu Mesiko a kudu maso yammacin Amurka. Kogin Kolorado da rassansa ne suka sassaƙe dutsen har ya zama ramuka masu zurfi. Masu babur na zuwa nan su yi kwanaki suna tafe, duk inda dare ya yi su kafa tanti. Abin da ke tsara irin wannan tafiya shi ne ruwa, fetur da yanayi, domin kauri da nauyin kayan da babur zai iya ɗauka ƙayyadaddu ne.

Hanyoyi

Garin Moab na Yuta ne yawancin matafiya ke tashi daga gare shi. Kusa da shi akwai gandun daji na ƙasa mai suna Canyonlands, wanda aka kafa a 1964, kuma a cikinsa hanyar White Rim take: zagaye ne na kimanin kilomita 160, babu kwalta, babu ruwan sha, babu gidan mai. Sai da izini ake shiga, ko da yini ɗaya ne, kuma babur ɗin dole ya kasance mai rajistar hawa titi. A kudu kuma akwai Moki Dugway, gangaren tsakuwa na kusan kilomita 5 mai lanƙwasa a jikin dutse, wanda aka fasa a shekarun 1950 don ɗaukar ma'adinin yuraniyam. Wanda bai saba da tsakuwa ba yana iya bin babbar hanyar Yuta mai lamba 12, wadda kwalta ce daga farko har ƙarshe.

Ruwa da fetur

Ƙa'idar da hukumomin gandun ke bayarwa ita ce lita 4 ga kowane mutum a rana, ban da na girki. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, don haka ruwan kwana uku kaɗai ya kai kilo 12. Ana raba shi a mazubai biyu ko uku, domin idan ɗaya ya fashe kada a rasa duka. Ba a dogara da koramun da taswira ta nuna: yawancinsu busassu ne, ruwan kogin kuwa cike yake da laka mai toshe matata.

Tsakanin garuruwan Hanksville da Blanding na Yuta akwai kusan kilomita 200 da ba a dogara da samun mai. Yashi da ƙananan giya suna shan fetur fiye da kwalta, shi ya sa lissafin da aka yi a kan titi yake yaudarar mutum. Gogaggun matafiya suna cika tanki a kowane gari, ko da man bai sauka zuwa rabi ba.

Lodi da tuƙi

Kaya masu nauyi, wato ruwa da kayan gyara, ana sa su ƙasa-ƙasa a jakunkunan gefe, kusa da tsakiyar babur. Tanti da bargo su ne ke hawa sama. Idan aka tara nauyi a can baya, tayar gaba takan yi sauƙi, kan babur ya dinga rawa. Igiyar da aka bari tana lilo kuwa tana iya shiga sarƙa ta kulle tayar baya.

A kan yashi ana rage iskar taya kaɗan domin ta kama ƙasa, a mayar da ita da zarar an hau kwalta, in ba haka ba tayar za ta yi zafi ta lalace. Direba yakan miƙe tsaye a kan matakan ƙafa, ya ja jiki baya, ya riƙe totur daidai. Sakin totur farat ɗaya ko danna birkin gaba shi ke nutsar da taya ya kayar da mutum. Ƙura tana toshe filtar iska, tana kuma manne wa man sarƙa ta zama kamar dutsen wasa, don haka ana goge sarƙar kafin a ƙara mata mai. Kayan faci, famfo da ƙarafunan cire taya wajibi ne, tare da na'urar aika saƙo ta tauraron ɗan'adam, domin waya ba ta kamawa a mafi yawan wuraren.

Yanayi da wurin kwana

Bazarar Afrilu zuwa Mayu da kakar Satumba zuwa Oktoba su ne lokutan da suka fi dacewa. A tsakiyar shekara zafin Moab yakan wuce digiri 38, amma a gandun Bryce Canyon, mai tsayin sama da mita 2,400, dare na iya yin sanyi mai tsanani. Daga Yuli zuwa Satumba ake ruwan sama mai tsawa, kuma nan ne babban haɗari yake. Dutse ba ya shan ruwa, saboda haka ruwan da aka yi a wuri mai nisa yana iya cika busasshiyar korama cikin mintuna, alhali sama tana garau a inda mutum yake. Shi ya sa ba a taɓa kafa tanti a cikin korama, komai laushin yashinta. Wasu hanyoyin na yumɓu ne, idan suka jiƙe taɓon yakan cika tsakanin taya da madigadi har tayar ta daina juyawa. Maganinsa kawai a jira ƙasa ta bushe.

A filayen gwamnatin tarayya da ke wajen gandun, galibi ana iya kwana kyauta har kwana 14, a wurin da aka riga aka taɓa yada zango. Ba a taka baƙin ɓawon ƙasa mai ƙuraje da ke gefen hanya, domin ƙananan halittu ne ke riƙe da ƙasar, kuma sawun taya ɗaya yakan ɗauki shekaru da yawa bai warke ba. A kewayen Moab doka ta tilasta a kwashe bayan gida a cikin jaka ta musamman a fita da shi. Inda turaku ba sa shiga, ana ɗaure igiyoyin tanti a manyan duwatsu, a kuma sa faffaɗan dutse ƙarƙashin ƙafar da ake jingine babur da ita kada ta nutse cikin dare. Da safe ana kakkaɓe takalma kafin a saka, saboda kunama.