Mene ne Maganaɗisun Neodimiyam, kuma Yaya Ake Riƙe Shi?

Maganaɗisun da yara ke cirowa daga tsohuwar lasifikar rediyo, baƙin nan mai kama da dutse, ba shi ake nufi ba. Neodimiyam ɗaya ne daga cikin ma'adanai 17 da ake wa laƙabi da masu wuyar samu, ko da yake ya fi dalma yawa a ƙasa. Tace shi ne jan aiki. In aka haɗa shi da ƙarfe da sinadarin boron, sai a sami maganaɗisun da babu kamarsa ƙarfi a kasuwa. Kamfanonin General Motors da Sumitomo ne suka fito da shi a 1984. Yau yana cikin iyafis, da faifan ajiyar kwamfuta, da injin motocin lantarki.

Lambar da ake sayar da shi da ita, kamar N35 ko N52, ƙarfinsa take nunawa. Irin wannan, zafi in ya haura digiri 80 a ma'aunin Celsius ƙarfin ya fara tafiya ke nan, ba ya dawowa.

Guda biyu masu girman kwalin ashana kan fizgo juna daga tazarar taƙi, su datse fatar yatsa. Don haka ba a raba su da ja. A ɗora su a bakin teburin katako, ɗaya ya leƙo waje, a tura shi ƙasa ya zame, a nesanta shi nan take. Wajen ajiya a sa katako ko kwali mai kauri a tsakani. Ƙyallin jikinsa rufin nikel ne kawai, cikinsa kamar tangaran yake. In suka gwabza sai ɓarɓashi ya fantsama, shi ya sa tabarau dole ne. Kada a huda shi, kada a goge shi da inji, garinsa na kama wuta.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne ƙananan, masu kama da duwatsun ado. Yaro in ya haɗiye biyu, ko ɗaya da guntun ƙarfe, sai su manne ta bangon hanji, jini ya daina zuwa wurin, hanjin ya huje, alhali da farko yaron na wasansa lafiya lau. Kada a ba shi manja ko madara, kada a sa shi amai. A garzaya asibiti, a faɗa wa likita maganaɗisu ne tun kafin a ɗauki hoton ciki.

Mai na'urar daidaita bugun zuciya kuwa, ko ƙaramin ne ya nisanta shi da ƙirjinsa aƙalla santimita 15, babban kuma kada ya kusance shi sam.