Kason kifin tuna a Hawai: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Wane irin su ne jiragen Hawai ke yi, da har aka yanka masa kaso, wato iyakar kifin da za a kama a shekara?

Mamari ne na teku. Igiya mai tsawon kilomita da dama, ƙugiyoyi dubbai na reto a jikinta, a nutsa ta cikin zurfi don tuna mai manyan idanu.

Amurka ce ke yanka wa kanta kaso?

A'a, kuma don Allah a daina yaɗa wannan. Kifin nan yawo yake a Fasifik, ba shi da ƙasa. Hukumar WCPFC, ta ƙasashe masu kula da kamun kifi a yankin, wadda aka kafa a 2004 mai hedikwata a tsibirin Pohnpei na ƙasar Micronesia, ita ke raba kason yammaci da tsakiyar tekun. Amurka ta daɗe a kan tan 3,554 a shekara, aka ɗaga mata zuwa tan 6,554 daga 2024.

Kaso ya cika ina tsakiyar teku da kifi a jirgi, in zubar?

Kwantar da hankalinka, ba a rufe kamun kifin bagatatan, sai an ba da sanarwa tukuna. Abin da ka kama kafin ranar rufewa naka ne, muddin ka sauke shi cikin kwana 14. Daga ranar kuwa, mai manyan idanu da ya hau ƙugiyarka sai ka mayar da shi ruwa, ko da ya mutu. Da ciwo, na sani. Kana iya tsallakawa gabas da layin digiri 150 na yamma a taswira, inda wata hukuma, IATTC, mai kula da tuna a gabashin Fasifik, ke da iko, amma can ma ya danganta da tsawon jirginka: wanda ya wuce mita 24 akwai kaso a kansa, ga nisa, ga kuɗin mai. A shekarun baya akan kuɓuta ta wata hanya: tsibiran da ke ƙarƙashin Amurka, wato Samoa ta Amurka, Guam da Mariyana ta Arewa, kan sayar wa jiragen Hawai wani ɓangare na kasonsu. Kada ka ɗora lissafinka na bana a kan wannan. Karanta sanarwar shekarar da lasisin da ke hannunka, ka bar jita-jitar bakin tasha.

Me ya sa kowa ke tsoron rufewa a ƙarshen shekara?

Sabuwar shekara. Lokacin ne mutanen Hawai ke rububin ɗanyen tuna, farashi ya tashi a gwanjon Honolulu.

To masu mamari ne suka cinye kifin?

Je ka tambayi manyan jiragen taru, masu kwashe ƙananan da ba su kai haihuwa ba.